Bazarar da Yaya Rabi Ta Hau Motar Arewa

Bana bazara ta zo da wuri. Da hantsi rairayi ya riga ya yi zafin da ba a taka shi ba takalmi, rijiyar garinmu ta ja ƙasa har sai da aka ƙara wa guga igiya, kaji sun buɗe baki suna haki a gindin randa. Makon jiya na hau kabu-kabu zuwa Tasawa in sayo fulawa da sukari, na tarar kuɗinsu ya sake motsawa. Na tambayi mai shago, ya ce kayan tun daga sama suke zuwa da harajinsu, shi ba laifinsa ba ne. Ban ja maganar ba. Na taɓa jin irinta a cikin kasuwar nan, a wata shekara da ta fi wannan tsanani, kuma ranar ba ni kaɗai ba ce.

A lokacin ina da ƙuruciya, haihuwata biyu. Ƙauyenmu yana ƙasar Korgom. Mijina Isa da wansa Garba gida ɗaya suke, gandu ɗaya suke nomawa. Garba ya rasu da ciwon ciki na 'yan kwanaki, ya bar matarsa Rabi da 'ya'ya uku: Sani, Balki, da Hadiza da take goye. Da Rabi ta fita takaba danginta suka so ta koma gida, ta ce ba za ta raba yara da gidan ubansu ba, kuma tana da gamanarta, wato 'yar gonar da miji ke yankar wa matarsa. Facalata ce, ta girme ni nesa, Yaya nake ce mata. Ita kuwa har muka rabu Amarya take kirana, ko da na daɗe da tashi daga amarci.

Ita ta koya mini suyar fanke. Da yamma za ta kwaɓa fulawa a babbar ƙwarya, ta rufe da zane ta bari ya tashi. Da assalatu ni ke hura wuta, ita ke zama gaban kasko. Tana da wani hannu a wajen yanka ƙullu: ta dunƙule, ta matse tsakanin babban yatsa da manuni, ya faɗa cikin mai kamar an auna. Ranar da ba kasuwa muna zama gindin gawon bakin hanya, 'yan lekol, wato 'yan makarantar boko, da masu amalanke su saya. Ranar kasuwar Korgom kuwa mu ɗora kasko da itace a amalanken wani maƙwabcinmu, mu wuni can. Ribar ba ta kwana a hannunmu. Kafin mu baro kasuwa ta zama gishiri, daddawa, sabulu, wani lokaci ɗan ƙashin miya.

Daminar da ta gabaci wannan bazara ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar fitar da kai. Muna ta kallon gabas, sai abin da ya taso ya zama ba hadari ba. Fara ce. Ta rufe rana, ta sauka a gonaki da la'asar. Ƙarar cinta kamar yayyafi a kan zana. Muka fita da kwanoni muna bugawa, maza suna tada hayaƙi, duk a banza. Da gari ya waye karare ne tsaye tsirara. Damman da muka ɗaure ko gindin rumbu ba su rufe ba. Isa ya ware na iri ya rataye a ɗakinsa, ya yi mana kashedi a kansa, ya bi mazan gari cirani zuwa Najeriya. Daga ranar kaskon fanken nan ya zama shi ne gonar gidan.

Da farko ya riƙe mu. Cikin sanyi mutane suna son abu mai ɗumi da safe, muna sayarwa, muna auno hatsi a tiya. Sai wata rana muka tafi Tasawa sayen kaya, wurin wani Alhaji mai babban shago wanda Yaya Rabi ta daɗe tana ciniki da shi. Mu ba mu taɓa kai ga sayen buhu ba, a tiya yake auna mana. Da ya faɗi kuɗin fulawa ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne irin na tsohon abokin ciniki. Ya ce ba wasa ba ne, gwamnati ta ɗora sabon haraji a kan fulawa da sukari da madara, an faɗa a rediyo, kowane buhu da ya shigo shagonsa da shi ya shigo.

Muna tsaye muna juya abin da ke bakin zanenmu sai ga mota ta tsaya. Matar wani babban ma'aikaci ce. Ta ce a sa mata buhun shinkafa, buhun fulawa, da kwalin sukari. Ita ma ta yi ƙorafin tsada, har tana tafa hannu, amma tana ƙorafin tana buɗe jaka. Mutuniyar kirki ce ga alama, don ta gaishe mu kafin ta shiga mota. Da ta tafi Alhaji ya juyo.

"Kin gani, Rabi? Ita ma ta biya, ni ma na biya. Haraji bai san fuskar kowa ba."

Yaya Rabi ta gyara goyonta ta ce, "Ai shi ne aibinsa, Alhaji. Da ya san fuska, da ya ji kunyar tawa."

Alhaji bai ji haushi ba. Ya ƙara mana ɗan gyara a kan tiya, abin da yake iyawa ke nan. Muka sayi rabin abin da muka saba saya.

A kan amalanke, a hanyar gida, na yi ta juya maganar a raina. Gaskiya Alhaji ya faɗa, abu guda aka ɗora wa kowa. Sai dai ita waccan baiwar Allah daga abin da ya yi saura ta cire nata, mu daga bakin yara muka cire namu. Duk abin da ya shigo hannunmu ciki yake tafiya, don haka duk abin da ya shigo hannunmu sai harajin ya taɓa shi. Ga shi mai sayen tiya ya fi mai sayen buhu biya, mai sayen ƙulli ya fi mai tiya. Kaya in ya gangaro daga sama, a kan na ƙasa yake tsayawa.

Akwai malamin lekol ɗin garinmu, Mushe Idi, wato Malam Idi da Faransanci, mai sayen fankenmu kowace safiya. Shi ya gaya mana sunan abin da Faransanci, ya ce TVA ake ce masa. Ya ce ƙasa ba ta tafiya sai da haraji, da shi ake biyan likita da malamai, da shi ake gyaran hanya, wannan ba ƙarya ba ne. Amma shi a ganinsa abin da talaka ke kaiwa baki ya kamata a tsallake shi, a nemi kuɗin a wurin da suke. Shi kansa albashinsa ba ya zuwa kan lokaci. Ba a daɗe ba ya rage yawan fanken da yake saya, ya ce wai maiƙo ya fara damunsa. Mun san ba maiƙo ba ne.

Ƙara kuɗin fanke ba zai yiwu ba, don masu sayenmu ɗan abin da ke hannunsu ke nan. Sai muka rage girmansa. Muka rage sukari. Mai kuwa muka yi ta maimaita shi har ya yi baƙi yana ɗaci. Ga mai tikitin kasuwa, ko kin sayar ko ba ki sayar ba sai ya yaga miki takardarsa. Wata ranar kasuwa wani tsohon mai amalanke ya ɗaga fanke ɗaya sama yana dubawa, ya tambayi Yaya Rabi ko ta koma sayar da ƙwan kurciya ne. Mutane suka yi dariya. Shi raha yake yi, amma na ga yadda fuskarta ta canja. Mace ce mai alfahari da aikin hannunta, a da daga wasu garuruwa ake aiko a sayi nata.

Hatsi ma ya hau, shi ba don haraji ba, don babu shi ne. Wanda rumbunsa ya ƙare dole ya koma ga kayan shago, shinkafa, taliya, garin rogo, can kuma tsada tana jiransa. Wanda bai ci tuwo ba, ina zai sayi fanke? Muka fara cin uwar kuɗi kaɗan-kaɗan, yau a cire na tiyar dawa, gobe na maganin zazzaɓin Balki. Ranar suyarmu ta ƙarshe muka wuni a Korgom, muka dawo da fiye da rabi ba a saya ba. Yara suka yi ta murna, suka zauna suka cinye tas, suna lashe yatsu. Yaya Rabi ta juya musu baya tana kankare kasko da yashi, ta daɗe tana kankarewa bayan ya riga ya fita.

Daga nan bazara ta shigo sosai. Kwanakin duk iri ɗaya ne. Da asuba mata mu fita daji da ƙwarya neman anza, 'ya'yan wani ɗan itace da ko akuya ba ta damu da shi ba. Kullum sai mun ƙara nisa, don na kusa an tsince. Mu dawo rana ta take, ƙafa ta yi bororo. A ɓare, a jiƙa, a yi ta canja ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita, ruwan kuma sai an ja shi daga rijiyar da igiyarta ke yanka tafin hannu. A dafa da ɗan gishiri da kanwa. Ba ya da daɗi, yana dai toshe ciki. Dusar da a da muke zuba wa awaki ita muka koma tankaɗewa muna dama kunu. Wuta sau ɗaya ake hurawa a yini. Da azahar gari ya yi tsit, ba ƙarar turmi ko ɗaya. Wanda ya san ƙauye ya san abin da shirun turmi yake nufi. Yara suka daina guje-guje, sai su kwanta a inuwar rumbu suna kallon ƙudaje.

Mushe Idi yana da rediyo, a bakinsa muke jin labarin birni. Ya ce mutane sun tashi a kan harajin, an rufe shaguna da kasuwanni a manyan garuruwa, an zauna gida don gwamnati ta ji. Na yi murna da jin haka. Yaya Rabi ta ce Allah ya ba su sa'a, su suna da ƙofar da za su rufe a gani, mu kuwa tamu ta daɗe a rufe ba wanda ya lura.

Cikin kwanakin ne wata mata daga ƙauyen kusa ta dawo daga Agadas da atamfa sabuwa a jikinta. Ta ce can ana samun aikin wanki da wanke-wanke a gidajen masu hali, a ci a ƙoshi, a kuma sami na aikowa gida. Yaya Rabi ta je wurinta sau biyu ba ta gaya mini ba. Ranar da ta gaya mini muna dawowa daga rijiya ne da tuluna a ka. Na roƙe ta ta jira. Na ce Isa zai aiko, ruwa ya kusa, ga ganyen gawo ya fara zuba. Ta sauke tulunta a ƙofar gida ta dube ni.

"Amarya, in na zauna mi zan ƙara a kwanon nan? In na tahi baki biyu sun ragu. Ga Sani ga Balki, 'ya'yanki ne. Kahin a ɗaure gero ina nan."

Na ce mata hanyar da nisa, ga goyo, ga zafi. Ta ce zafin da ke cikin gida ya fi na hanya. Ni ma na san abin da ya rage a tukunya.

Ta sayar da akuyarta ta ƙarshe, wadda ƙashin bayanta ya fito, da kwanonin aurenta. Na raka ta tashar Tasawa. Motar Damagaram za ta shiga, daga can ta nemi ta arewa. Babbar mota ce shaƙe da buhuna, mutane a kansu, yawancinsu mata irinta. Na miƙa mata Hadiza bayan ta hau, ta lulluɓe kan yarinyar da gefen zane saboda rana. Ta ce in kula da ƙirjin Balki, ba ya son sanyin asuba. Ta ce in an yi shuka kada a bar gamanarta ta kwana. Mota ta tashi. Ba ta ɗaga hannu ba, don hannu ɗaya yana riƙe da igiya, ɗaya yana riƙe da yarinya.

Ba a yi nisa da tafiyarta ba Mushe Idi ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ina tsugune ina tsame anza. Ya ce gwamnati ta ji kukan mutane, an janye harajin daga kan fulawa da wasu kayan. Fuskarsa cike da fara'a, albishir ya kawo mini. Na yi masa godiya. Da ya tafi na zauna a ƙasa, hannuna na ɗigar ruwan ɗaci, na rasa abin da zan yi da labarin. Shekaru da yawa na yi ina cewa da Yaya Rabi ta ƙara haƙuri kaɗan. Amma in zan faɗi gaskiya, da na je Tasawa daga baya kuɗin fulawa bai sauko ba. Alhaji ya ce tsohon kaya ne, da tsada ya saye shi, sai ya ƙare. Ko da ya sauko ma, jarinmu ya riga ya shige ciki. Abin da aka ɗora da magana ɗaya a rediyo an sauke shi da magana ɗaya, amma a gidanmu ya riga ya gama aikinsa.

Ruwan farko ya zo da la'asar. Iska ta fara, ta kwashe zanan maƙwabta, gari ya yi duhu, sai ƙamshin ƙasa ya bugo. Yara suka fita tsirara suna buɗe baki sama. Isa ya dawo cikin kwanakin, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ɗauke da ɗan masara da garin rogo. Da ya ji Yaya Rabi ta tafi sai ya ce matar wansa ta bar gida yana raye, wannan abin zai bi shi. Ya sauko da irin da ya rataye, muka yi shuka, yana sara muna binsa muna jefawa muna rufewa da diddige.

Noman wannan damina shi ne mafi wuya da na sani. Ga gona ta yi kore shar, ga ciki ba komai. Maza su yi kwana biyu suna ƙwadago a gonar mai hali don a sami tiyar hatsi, su yi ɗaya a tasu, ciyawa tana cin gero. Mu kuwa tafasa da yaɗiya muke tsinka mu dafa, mu barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Balki ta kumbura ƙafa, gashinta ya yi ja. Na goya ta zuwa likita a Tasawa, inda ake ba yara wani abinci mai kama da tunkuza, muka kwana biyu can, Allah ya tashi kafaɗunta. Duk lokacin tunanina ɗaya ne, me zan ce wa uwarta in ta dawo.

Gamanar Yaya Rabi ba ta kwana ba. Matan unguwa suka yi mata gayya. A al'ada mai gayya fura take damawa, a ci a sha. Ni ruwan tsamiya kawai na kai musu, ba ko gari a ciki. Ba wadda ta yi ƙorafi. Suka jera da hauya suna waƙa ƙasa-ƙasa, don ba ƙarfin ɗaga murya, suka nome ta kafin rana ta karkata. Allah kuma ya ba da damina mai albarka. Gero ya yi, wake ya yi har yana hawa kara. Ranar da muka fara murza tumu a wuta, Sani ya ci har ya yi amai, ya koma ya ci. Muka ɗaure nata damman daban, Isa ya yi musu ɗan rumbu a gefen namu.

Aka gama ɗaurin gero ba ta zo ba. Cikin sanyi wani direba ya kawo saƙonta, dabino da 'yan riguna na yara, ya ce tana lafiya, tana gaida Amarya. Bayan nan muka ji ta wuce Arlit. Isa ya ce a buɗe rumbunta a ciyar da 'ya'yanta, ai don su aka noma shi. Daga baya labari ya zo ta auri wani mai gadi a can. Mutanen gari suka yi ta magana, wai ta ji daɗin birni ta manta 'ya'ya. Ni ban taɓa sa baki ba. Na san macen da ta tafi da ƙafarta don ta rage baki a kwano, ba daɗi ta bi ba. Mace ita kaɗai a garin da ba ta da kowa, inuwa take nema.

Yanzu abubuwa sun canja. Akwai salula a kusan kowane gida, wanda ya tafi cirani da safe a ji muryarsa da yamma, kuɗi ma ta cikinta suke zuwa. Tafiyar da amalanke ke wuni yana yi, babur ya yi ta kafin shayi ya huce. A wancan lokacin sai dai a jira direba, in ya manta shi ke nan. Na koma suyar fanke bayan kaka biyu, ni kaɗai. Na aurar da Balki a Bawdeta, Sani ya yi iyali a gidan ubansa. Saƙon uwarsu ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Wata shekara aka aiko cewa ta rasu, ciwon ƙirji. Muka yi zaman makoki ba gawa.

Kakar da ta wuce, wata rana da hantsi, babur ya tsaya a ƙofar gidanmu. Wata matashiyar mata ta sauko, doguwa, da lulluɓi irin na mutanen arewa. Ta yi sallama da wata irin Hausa mai karkata, ta ce mini Hajiya, ni da ban taɓa zuwa ko Yamai ba. Ta ce sunanta Hadiza, sun zo biki Tasawa da mijinta, ta ce bari ta ga garin ubanta. Na rungume ta ina kuka, ta tsaya cak, tana ɗan bubbuga bayana da ladabi. Aka kira Sani daga gona. Suka zauna a tabarma ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, suna tambayar juna lafiya da gajiya, in sun kai ƙarshe su sake daga farko.

Ta ce uwarta kowace shekara tana cewa baɗi za su zo gida, kowace shekara kuma abin da aka tara sai ya tafi a cefane. Sannan ta ce in nuna mata inda aka haife ta. Na kai ta bayan gida. Ɗakin ya daɗe da faɗuwa, ruwa ya cinye ginin, na shuka kuɓewa a wurin don ƙasar tana da ƙarfi. Ta tsaya tana kallo. Mai babur yana ta danna oda a waje. Sai ta juyo ta tambaye ni ko za ta iya tsinkar kaɗan.

Na ce, "Ɗakin uwarki ne, ɗiyata. Wa za ki tambaya?"

Ta tsinki 'yan ƙanana, ta ƙulle a bakin lulluɓinta. Ta durƙusa ta yi mini godiya sosai, irin godiyar da baƙo ke yi wa masu gida.